Dalilin Da Ya Sa Ake Tunawa Da Sojan Da Suka Mutu A Yaƙi

Wataƙila kun taɓa ganin soja sun yi sahu, an busa bigila, kowa ya tsaya cik, ba mai motsi, ba mai ko tari. To, ga asalin wannan al'ada, da abin da ake nufi da ita.

Yaƙin Duniya na Farko ya soma cikin 1914. Aka yi shekara huɗu ana gwabzawa, sa'an nan aka ajiye makamai ran 11 ga Nuwamba 1918, da ƙarfe 11 na safe. Da shekara ta kewayo, Sarkin Ingila Joji na Biyar ya roƙi jama'arsa, in wannan sa'a ta yi, kowa ya bar abin da yake yi, a yi shiru minti biyu, don tunawa da waɗanda ba su komo gida ba. Jan furen nan da ake maƙalawa a ƙirji kuwa, kamannin wani fure ne da ke tsirowa a filayen Faransa da Beljiyam, inda aka zubar da jini mai yawa. Kuɗin da aka samu wajen sayar da shi, tsofaffin soja da iyalan mamata ake taimaka wa.

Amma shirun minti biyu ba ya daɗewa, suna kuwa in an sassaƙa shi bisa dutse yakan daɗe. Tun 1917 aka kafa wata hukuma a Ingila don lura da kaburburan soja. Ga ƙa'idarta: janar da farabiti, dutse iri ɗaya za a kafa musu, gama mutuwa ba ta san igiya ba. Wanda ba a sami gawarsa ba, sai a rubuta sunansa jikin bango.

Wannan magana ta shafe mu. A Yaƙin Duniya na Biyu an kwashi samarin Nijeriya masu yawa, aka sa su cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka haye teku zuwa Bama, wadda yanzu ake kira Miyanma. Suka kara da Japanawa cikin kurmi da duwatsu, a kwarin Kaladan da ƙasar Arakan. Waɗansu harsashi ya ɗauke su, waɗansu cuta. A maƙabartar Taukkyan, kusa da Rangun, akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunaye wajen 27,000 na sojan da ba a san kabarinsu ba, har da mutanenmu a ciki.

Sai dai ba a cika wannan ƙa'ida ga kowa ba. Cikin 2021 hukumar nan ta bayyana cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙi na Farko, yawancinsu mutanen Afirka, ba a rubuta sunayensu ba, ta kuwa nemi gafara. Ku duba, mutum ya bar gonarsa da iyalinsa, ya mutu a uwa duniya, sa'an nan ko sunansa bai saura ba!

A Nijeriya dā ran 11 ga Nuwamba ake yin wannan tuni. Daga baya aka mai da shi ran 15 ga Janairu, watau ranar da yaƙin basasa ya ƙare cikin 1970. Ana yin addu'a a masallatai da majami'u, shugabanni su ajiye furanni a Abuja, a saki tattabaru alamar zaman lafiya.

To, ku da Allah ya ba ku sanin karatu da rubutu, ga aikinku. In akwai wani a gidanku da ya tafi yaƙi bai komo ba, ku tambayi tsofaffi sunansa, da garinsu, da inda ya faɗi, ku rubuta, ku ajiye wa jikokinku. In ya bar mata da marayu, ku riƙa leƙa su. Allah ya ji ƙansu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.