Zaiba: Gubar da ba ta da wari

A wuraren haƙar zinare irin su Anka da Bukkuyum a Zamfara, zaiba kayan aiki ce ta yau da kullum. Ana niƙa dutse, a wanke, a zuba zaiba ta tattaro ƙwayoyin zinaren, sannan a ɗora dunƙulen a wuta. Zaiba ta bi iska, zinare ya rage. To ina zaibar ta tafi? Cikin huhun mai ƙonawa, da na matarsa da 'ya'yansa idan a tsakar gida aka yi. Tururinta ba shi da launi, ba shi da wari, shi ya sa ake raina shi.

Kada a haɗa ta da gubar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Kowacce da irin ɓarnarta.

Zaiba ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda take kamawa. Hannu ya fara karkarwa, mantuwa ta yi yawa, barci ya ƙaurace, dasashi ya kumbura, mutum mai haƙuri ya koma mai saurin fushi. A nan ne muke yin kuskure babba: sai a ce iska ce ko sammu, a yi ta hayaƙi da rubutu, majiyyaci kuwa yana komawa bakin wutar da ta sa shi ciwon. Mai juna biyu ta fi kowa shiga haɗari, domin gubar tana ratsawa ta taɓa ƙwaƙwalwar ɗan tayi.

Mutanen Minamata a Japan sun ɗanɗana kuɗarsu. A 1956 aka gano cutar a garin, bayan kamfanin Chisso ya daɗe yana zubar da dagwalon zaiba a teku, jama'a suna cin kifin. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan taƙaita amfani da zaiba.

Mata masu shafa man bilicin su ma su yi hattara, wasu mayukan da zaiba ake haɗa su.

Magani na farko shi ne rabuwa da tushen gubar. A asibiti ana gwada jini da fitsari, likita kuma yana iya ba da magani irin DMSA mai fitar da ita ta fitsari. Sai dai abin da ya riga ya lalace a ƙwaƙwalwa ba lallai ya dawo ba.

Don Allah masu haƙar zinare, ku daina ƙona zaiba a cikin gida. Wanda kuma hannunsa ya fara rawa, ya je asibiti, ya gaya wa likita sana'arsa.