'Yar Uwa, Ƙuri'arki Ta Fi Sandar Sabulu

Guguwar zaɓen 2027 ta fara kaɗawa, kuma kun san yadda abin yake: daga Boɗinga har Sifawa, daga Shagari har Yabo, za ku ga motoci da lasifika, ga hotuna a jikin katanga, ga 'yan siyasa sun tuna da ƙofar gidajenmu.

Kafin ki miƙa hannu ki karɓi atamfa, bari in ba ki tarihi kaɗan. A zaɓen 1959, wanda aka yi gab da samun 'yancin kai, matan Kudu sun jefa ƙuri'a, amma matan Arewa ba a ba su wannan dama ba. Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU, mutuniyar Zariya, ta sha duka ta sha ɗauri a kan neman wannan haƙƙi. Sai a 1976, a zaɓen ƙananan hukumomi, aka fara barin macen Arewa ta shiga layi. A watan Agusta na 1979 kuwa iyayenmu da kakanninmu suka zaɓi shugaban ƙasa a karo na farko, kuma wanda ya ci ɗan gida ne, Alhaji Shehu Shagari, tsohon malamin makaranta. Kin ga ke nan abin nan da wahala aka samo miki shi.

To, me za ki zaɓa? Takarda uku za a ba ki ran nan. Ta farko ta shugaban ƙasa ce. Ta biyu ta sanata: Boɗinga da Shagari duka suna cikin Sakkwato ta Kudu, tare da Yabo, Tureta, Dange-Shuni, Tambuwal da Kebbe. Ta uku ta ɗan majalisar wakilai: Boɗinga tana tare da Dange-Shuni da Tureta, Shagari kuma tana tare da Yabo. Sanatoci 109 da wakilai 360 ɗin nan su ke amincewa da kasafin kuɗin tarayya, inda kuɗin hanya da asibiti da makaranta ke fitowa. Alamar jam'iyya za ki gani a takardar, saboda haka ki san alamar ɗan takararki tun daga gida, ki dangwala a wuri ɗaya kawai don kada ƙuri'ar ta lalace.

A 2023 mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Duk wadda ta zauna gida tana cewa “ai ba ruwana”, to wasu sun zaɓa mata.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Za a zo da sabulu, da taliya, da ɗan abin sa wa a lalita. Haba 'yar uwa! Sabulun nan sati biyu ya ƙare, shi kuwa wanda ya ba ki shekara huɗu zai yi a kujera. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ki tambaya: asibitin garinmu akwai ungozoma da dare? Makarantar ƙannena akwai malamai? Manoma na zuwa gona da kwanciyar hankali?

Wata kuma sai ta ce, “Ni dai wanda saurayina ke so shi zan yi.” Shawara da iyaye ko maigida abu ne mai kyau, amma a rumfar zaɓe ke kaɗai ce sai Allah.

In kin cika shekara 18 kuma kin yi rajista, ki je ofishin INEC na ƙaramar hukumarku ki karɓi katinki, ki adana shi yadda kike adana gwal ɗinki, kada ki ba kowa ajiya. In ba ki kai ba, ki karanta wa Inna wannan shafi, ki nuna mata yadda ake dangwalawa.

Allah ya zaɓa mana mafi alheri, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.