Gilashin Kyamara Guda Don Tafiya: Me Mai Saye Zai Duba?

Duk mai ɗaukar hoto da ya taɓa shiga taro irin na hawan salla a Damagaram, ko bikin makiyaya na Ingal, ya san wahalar da ke cikin canza gilashin kyamara. Kafin mutum ya kwance gajeren gilashi ya ɗaura dogo, dokin da yake hari ya wuce. Ga kuma ƙura, wadda da zarar an buɗe bakin kyamara sai ta shige ta kwanta a kan farantin da ke karɓar haske, daga nan duk hoton da aka ɗauka sai a ga ɗige-ɗige baƙaƙe a sararin samaniya. Wannan ne ya sa matafiya da yawa suke komawa ga gilashi guda mai zuƙowa daga kusa har nesa, wanda ake ɗaurawa a bar shi har a dawo gida.

Irin wannan gilashi ba sabon abu ba ne. Kamfanin Tamron na ƙasar Japan ya fitar da mai milimita 28 zuwa 200 tun a 1992, zamanin fim. A 2005 Nikon ya kawo 18-200 mai na'urar hana rawar hannu, Canon ya biyo da nasa a 2008. Daga nan tsere ya kankama, inda a 2017 Tamron ya kai ga 18-400, a 2024 kuma Nikon ya fitar da 28-400 domin kyamarorinsa marasa madubi.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya fahimta shi ne lambobin nan biyu. Ƙaramar lambar ita ke nuna faɗin abin da gilashin zai iya kwasowa, babbar kuma ita ce nisan da zai zuƙo. Sai dai ma'anarsu tana canzawa gwargwadon girman farantin kyamarar. A kan ƙananan kyamarorin Nikon, Sony da Fujifilm ana ninka lambar sau ɗaya da rabi, a na Canon kuma sau 1.6. Ke nan gilashin 18-200 a kan ƙaramar Nikon yana aiki ne kamar 27-300 a kan babbar kyamara mai cikakken faranti.

Mafi yawan masu saye idonsu yana kan babbar lambar, ganin cewa ita ce ake tallatawa. Mu a ganinmu ƙaramar ta fi cancanta a duba. Wanda ya tsaya a lungunan tsohon garin Agadas yana so ya ɗauki hasumiyar babban masallaci, mai tsawon kimanin mita 27, ba shi da wurin ja da baya, bango ne a bayansa. A nan bambancin milimita 16 da 18, duk da ƙanƙantarsa a takarda, shi ne zai sa kan hasumiyar ya shiga hoto ko ya yanke. Amma bambancin 250 da 300 kaɗan ne, kuma ana iya cike shi da yanke gefen hoto a kwamfuta. Shi ya sa gilasai irin Tamron 16-300 na 2014, da Sigma 16-300 na 2025, suka samu karɓuwa wajen matafiya.

To, ina aibin yake? Yana ƙofar haske. Yawancin waɗannan gilasai ana rubuta musu f/3.5-6.3, ma'ana idan an zuƙo har ƙarshe ƙofar tana tsukewa zuwa 6.3. Idan aka kwatanta da gilashin ƙwararru mai f/2.8, hasken da ke shiga ya ragu kusan ninki biyar. Da rana tsaka a ƙasashenmu wannan ba damuwa ba ce, haske har ya yi yawa. Amma da la'asar sakaliya, lokacin da ƴan kokowa ke shiga fili, ko bayan magariba a kasuwar dare, kyamara dole ta yi ɗaya cikin biyu: ko ta jinkirta ƙiftawarta hoton ya yi dishi-dishi, ko ta ƙara lambar ISO hoton ya fito da tsakuwa-tsakuwa. Na Nikon ɗin nan mai 28-400 ma ƙofarsa har f/8 take tsukewa.

A nan ne ake yawan yaudarar kai da na'urar hana rawar hannu, wadda Nikon ke kira VR, Canon IS, Tamron VC, Sigma kuma OS. Na'urar tana da amfani ƙwarai, kuma ba mu ba da shawarar a sayi dogon gilashi ba tare da ita ba, sai fa idan jikin kyamarar yana da tasa. Amma rawar hannun mai ɗauka kaɗai take gyarawa, ba ta tsayar da doki mai sukuwa. Wannan sai ƙiftawa mai sauri, kamar kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa, ita kuma haske take ci. Abin lura shi ne Tamron 28-200 na 2020, da aka yi wa manyan kyamarorin Sony, yana farawa ne daga f/2.8, nauyinsa gram 575 kacal, amma ba shi da wannan na'ura, ya dogara da ta jikin kyamara.

Akwai sauran ƙananan aibobi. A wajen faɗi, miƙaƙƙun layuka kamar bango ko ƙofa suna ɗan lanƙwashewa, ko da yake kyamarorin yanzu suna gyara hakan da kansu. A ƙarshen zuƙowa kuma hoton yana rage kaifi, musamman a gefe-gefe. Wanda hotunansa a waya ko Facebook za su ƙare, da wuya ya lura. Mai niyyar buga babban hoto na rataye a bango kuwa zai gani. Kuma gwargwadon yadda tazarar lambobin biyu ta yi faɗi, haka wannan rauni ke ƙaruwa, don haka wanda ba tsuntsaye ko raƙuman dawa na Kure zai ɗauka ba, mai tsayawa a 200 ya ishe shi, ya huta da nauyi. Kuɗin da ya rage ya sayi ƙaramin gilashi mai milimita 35, f/1.8, ya jefa a aljihu saboda dare.

Game da ƙura kuma, kada a ɗauka an rabu da ita baki ɗaya. Gilashin yana miƙewa yana komawa kamar zugazugin maƙeri, yana shaƙar iska yana fesarwa, don haka a lokacin hunturu sai an riƙa goge jikinsa kafin a mayar da shi ciki. Wanda aka yi masa zoben roba a gindi ya fi jure wannan yanayi.

Da yake da yawa daga cikinmu na hannu muke saya, sai a fara tabbatar da cewa bakin gilashin ya dace da kyamarar, domin tsofaffin gilasan Canon EF da Nikon F ba sa hawa sababbin kyamarori na RF da Z sai da mahaɗi, wanda shi ma kuɗi ne daban. Sannan a haska tocila ta cikinsa a duba ko akwai zare-zaren fumfuna, abin da aka fi samu a kayan da suka daɗe a garuruwan bakin teku masu laima kamar Kwatano da Lome. A kifa shi ƙasa a gani ko zai zame ya miƙe da kansa. A ƙarshe a ɗaura shi a kan kyamarar mai saye, a ɗauki rubutun wani allo mai nisa da cikakkiyar zuƙowa, a faɗaɗa hoton a karanta gefe da tsakiya kafin a ƙirga kuɗi.