Tazara da Mai Ciwon Huhu a Ɗambatta

Da korona ta ɓulla a Kano ranar 11 ga Afrilun 2020, aka shiga kulle, aka hana jam'i da cin kasuwa, aka ce kowa ya ba da tazara. Talaka ya ji jiki, shi ya sa da aka sassauta sai aka watsar da zancen baki ɗaya. A ganina an yi gaggawa, domin masu asma, da waɗanda tarin fuka ya bar wa tabo, da tsofaffin da hayaƙi ya toshe wa huhu, har yau suna buƙatar wani sashe na wannan doka.

A ƙasashe da dama na Turai da Asiya, kwantar da masu toshewar huhu a asibiti ya ragu da kusan rabi a 2020, lokacin da ake ba da tazara. Ɗaya daga cikin dalilan a fili yake. Yawancin tashin ciwon daga mura yake farawa. Ita ke raunana hanyar numfashi, ƙwayoyin nimoniya su samu ƙofa. Idan mura ba ta iso ba, an rage hatsarin tun daga tushe.

To amma a gidan Ɗambatta ba da tazara ba shi da sauƙi. Kaka da jikoki ɗaki ɗaya suke kwana, kuma yara ne suka fi ɗaukar ƙwayar nimoniya a hanci ko da lafiyarsu ƙalau. Da hunturu a toshe taga, a shigo da kaskon garwashi. Matar da ta shekara talatin tana hura kara a murhu, idan aka ce ta zauna a ɗaki don kariya, hayaƙi aka ƙara mata. Ga tsoron asibiti da kullen ya haifar, wanda ya sa wasu suka tsaya ga maganin kemis har numfashi ya sarƙe.

Dubiya ce ta fi damuna. Zumunci ne, ba mai hana shi, amma mutum goma a ɗakin mai haki, wani na tari wani na atishawa, cutarwa ce da kyakkyawar niyya. A fito da shi tsakar gida ko zaure mai iska, mai mura ya gaishe shi daga nesa. Idan zazzaɓi ya zo da ciwon haƙarƙari, ko majina ta sauya launi, a kai shi Babban Asibitin Ɗambatta ranar, kada a bari sai gobe.

Akwai kuma wata kariyar. Tun ƙarshen 2014 Najeriya ta fara sa rigakafin nimoniya cikin alluran yara. Jikan da aka yi wa allurar ba ya yawan kawo ƙwayar gida, kakarsa ma ta amfana.