Uwa da Ruwa: Yadda Ake Gaggauta Fita Daga Bashi

Mu ɗaliban harshe mun san Bahaushe bai haɗa aro da rance ba. Abin da ka ara shi za ka mayar, wanda ka ranta kuwa madadinsa za ka kawo. Amma akwai kalmomi biyu da na daɗe ina furtawa ban san nauyinsu ba sai da bashi ya shigo gidanmu, wato uwar kuɗi da kuɗin ruwa.

A daminar 2023 wata cuta ta afka wa gonakin citta a kudancin Jihar Kaduna, musamman ƙasashen Kachiya da Jaba da Kagarko da Jama'a. Ganye ya yi rawaya, citta ta ruɓe a ƙasa tun kafin kaka. Kawuna na cikin waɗanda abin ya shafa, ga shi kuma da rancen naira 200,000 da ya karɓa a wani ƙaramin banki a Kafanchan ya sayi iri da taki. Da ya je ya yi kuka, sai aka ce an sassauta masa, ya riƙa kawo naira 12,000 kawai duk wata, ruwa kuma kashi 5 cikin 100 a wata a kan abin da ya rage. Ya dawo gida yana ta sa musu albarka.

Da na zo hutu na ɗauki biro na yi lissafin, sai jikina ya yi sanyi. Mai karatu, duba ka gani. Kashi 5 cikin 100 na 200,000 shi ne 10,000. Ke nan a watan farko 10,000 ruwa ne ya sha, 2,000 kacal ta taɓa uwa. Wata na biyu uwa ta koma 198,000, ruwanta 9,900. A haka sai ya shafe wata 37 yana biya, kuma abin da zai fita daga aljihunsa ya kusa 441,000. Ba banza aka kira ta uwa ba, muddin tana raye haihuwa take yi.

Na ce, "Kawu, in ka ƙara 5,000 a kai fa?" Ya ce, "Yaro, 5,000 me za ta yi wa bashin dubu ɗari biyu?" To ga abin da za ta yi. Tunda 12,000 ta riga ta ɗauke ruwan watan, duk kwabon da aka ɗora a kai uwa yake faɗa wa kai tsaye. Maimakon 2,000 sai 7,000 ta fita, wato ninki uku da rabi. Uwa ta ragu, ruwan wata mai zuwa ya ragu, sai rabon uwa ya ƙara girma. Da 17,000 a wata bashin zai mutu a wata na 19, jimillar biya kuma ba ta kai 310,000 ba. Bambancin ya haura 130,000.

Sai dai dabarar ba ta ci a kowane irin rance. Wasu masu ba da lamuni tun ranar farko suke lissafa ruwa a kan uwa gaba ɗayanta, su haɗa, su raba wata-wata. A nan ko ka biya da wuri ba abin da zai ragu, sai in an rubuta rangwame a yarjejeniya. Wasu ma tara suke ɗora wa mai gaggawar biya. Don haka kafin mutum ya takura wa iyalinsa, ya tambaya a fili: a kan me ake lissafa ruwan nan, kuɗin farko ko ragowa? A ganina wanda ya ƙi amsa wannan tambaya dalla-dalla bai cancanci a sa masa hannu a takarda ba.

Mai bashi biyu ko uku kuwa, ya ba kowane haƙƙinsa na wata, rarar ya zuba wa wanda ruwansa ya fi tsada, ko da ba shi ne mafi yawa ba.

Kawu ya samo 5,000 ɗin daga cinikin masara da ɗan haya da yake yi da babur ranakun kasuwa. Amma watan farko da ya kai 17,000, na duba rasit na ga an rubuta rarar a matsayin kafin alƙalami na wata mai zuwa, uwa ba ta motsa ba. Sai da muka koma tare, muka yi zaman kusan awa biyu a kan benci, kafin ma'aikacin ya soke ya rubuta cewa an cire ta daga uwar kuɗi. Tun daga ranar Kawu ba ya barin gaban kanta sai ya sa an karanta masa ragowar uwa da baki, ya kuma ga an rubuta ta a bayan rasit.