Ciwon Ƙandarewar Fata Da Abin Da Jini Ke Faɗa

Akwai wani ciwo wanda likitoci ke kira sikilarodama, watau ƙandarewar fata. Ba kuturta ba ce, ko da yake yakan ci kan yatsu, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa kansa, sai fata ta yi tauri kamar ƙirgi, ƙananan hanyoyin jini su tsuke. Ya fi kama mata. Alamarsa ta fari ita ce yatsu su koɗe su yi zogi in sanyi ya taɓa su, abin da wani likitan Faransa, Moris Reno, ya bayyana a 1862. A 1957 kuma aka lura ya yawaita cikin masu haƙar zinariya a Afirka ta Kudu, saboda ƙurar dutse.

To, fata ita ido ke gani, amma ɓarnar da ke kisa tana ciki, a huhu da zuciya da ƙoda. Kusan ɗaya cikin 10 na masu ciwon, hanyoyin jinin huhunsu kan tsuke har ɓangaren dama na zuciya ya gaji da turawa. Kafin mutum ya fara haki, aikin ya yi nisa. Shi ya sa likita ke auna jini tun majinyaci bai yi kuka ba, kamar yadda mai binciken kuɗi ke duba littafin ma'aji tun baitulmali bai yi giɓi ba.

Awo na fari shi ne NT-proBNP, wani sinadari da zuciya ke saki sa'ad da nauyi ya yi mata yawa. In ya hau, sai a ɗauki hoton zuciya. Na biyu tiroponin, wanda ke zuba cikin jini in naman zuciya ya sami rauni. Na uku yurik asid, shi ma yakan ƙaru in huhu ya matsu. Tsarin DETECT, wanda aka buga a 2014, ya haɗa na fari da na uku da waɗansu awo don a san wanda ya kamata a zurfafa bincikensa.

Ƙoda kuwa awonta kiriyatinin ne, tare da awon hawan jini. A ciwon nan jini kan hau farat ɗaya, ƙoda ta tsaya cikin 'yan kwanaki. Da can wannan ajali ne ga mafi yawa, sai da maganin kaftofiril ya samu wajen 1980 aka fara cetonsu. Amma fa sai an gane da wuri.

Sa'an nan a riƙa auna sukari da kitsen jini. Nan ne hatsarin shan magani barkatai yake: firedinisolon, wanda mutane kan saya don ciwon gaɓoɓi, yana hau da sukari, kuma in an sha da yawa yana iya tayar da rikicin ƙodar nan.

Saboda haka wanda ya ga yatsun matarsa ko na ɗalibarsa suna koɗewa da hunturu, fatar tana ƙandarewa, ya kai ta babban asibiti. In an tabbatar da ciwon, kada shekara ta wuce ba a duba zuciya da huhu ba, ko da tana jin garau.