Digirin Akanta: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Cike Fom ɗin JAMB

Duk shekara ɗalibai da yawa na zaɓar fannin akanta a jami'a, wasu don sha'awar aikin banki, wasu don iyaye sun ce mai wannan ilimi ba ya zama a banza. Fanni ne mai albarka, amma takardar digiri kaɗai ba ta mayar da mutum ƙwararren akanta. Wanda ya san haka tun daga aji ɗaya shi ne yake cin moriyar karatun.

Mene ne aikin akanta?

A ce ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya sari atamfa ta naira miliyan 2, ya sayar a kan miliyan 2 da dubu 400. A ganinsa ya ci ribar dubu 400. Amma ya biya dubu 60 kuɗin mota da dako, dubu 100 hayar shago ta watan, dubu 80 haƙƙin yaran shago. Ribarsa ta gaskiya dubu 160 ce. Ga kuma dubu 900 na cinikin da aka ɗauka bashi, ba su shigo hannu ba tukuna. Idan ya tashi sarin sabon kaya zai tarar kuɗinsa ba su kai ba, alhali ya ci riba. Bambance ciniki da riba da kuɗin da ke hannu shi ne tushen aikin akanta.

Ƙa'idarsa ita ce a rubuta kowace mu'amala a gurbi biyu, inda dukiya ta fito da inda ta shiga, ta yadda dole ɓangarorin biyu su daidaita. Wani malamin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya buga bayanin wannan tsari a 1494. Rubuta bashi kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kansa take magana.

Sharuɗɗan shiga

A Najeriya ana bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi da Tattalin Arziki. Su ukun nan ake rubutawa a JAMB, tare da darasi ɗaya kamar Kasuwanci. Karatun shekara huɗu ne. Mai difloma ko NCE ko IJMB yana iya shiga kai tsaye daga aji biyu, ya yi shekara uku. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da ta Maiduguri duk suna da wannan sashe.

Me ake koyarwa?

Da farko ana haɗa ɗalibi da sauran 'yan fannin kasuwanci: tattalin arziki, ƙididdiga, dokar kasuwanci da gudanarwa. Daga nan sai a shiga zurfi: haɗa rahoton kuɗin kamfani, lissafin abin da sarrafa kaya ke ci, haraji, binciken asusu wato aikin odita, da lissafin kuɗin gwamnati. Tun 2012 Najeriya ta fara aiki da ƙa'idojin rahoton kuɗi na duniya da ake kira IFRS, don haka abin da aka koya a nan yana da daraja a waje. Lissafin ba mai tsanani ba ne irin na injiniya. Abin da yake bukata shi ne natsuwa da haƙurin bin lamba har a gano inda ta ɓace.

Bayan digiri

Bayan bautar ƙasa, sai neman shaidar ƙwarewa. Hukumar ƙwararrun akantoci ta ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, tana da jarrabawa mataki uku, kuma tana yafe wasu darussa ga wanda ya fito daga sashen da ta amince da shi. Shugabanta na farko shi ne Akintola Williams, ɗan Najeriya na farko da ya zama ƙwararren akanta, a 1949. Akwai kuma ƙungiyar akantoci ta ANAN, wadda aka kafa a 1979, mai kwaleji a Kwall kusa da Jos. Bankin Musulunci ma ya buɗe wata ƙofar tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, kuma Jami'ar Bayero tana da cibiya ta musamman a kan wannan fanni.

Shawara ga ɗalibi

Kafin ka zaɓi jami'a, bincika ko hukumar kula da jami'o'i ta NUC da ICAN sun amince da sashenta. Koyi aiki da Excel da manhaja irin su Sage ko QuickBooks tun kana makaranta. Lokacin hutu, nemi izinin riƙe littafin shagon wani ɗan'uwa, ka tantance masa abin da yake bi da abin da ake binsa. Idan kuɗin makaranta ne matsalar, akwai rancen ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024.

Sai kuma riƙon amana. Wata rana za a kawo maka takarda a ce ka gyara lamba ɗaya, ko ka sa hannu a kan kuɗin da ba a kashe ba. Albashin ma'aikata da kuɗin 'yan fansho da jarin masu ƙaramin ƙarfi suna rataye ne a kan wannan sa hannu. Ka shirya ƙin yin hakan tun yanzu, kamar yadda kake shirya wa jarrabawa.